Tambayi Baban Gareji: A-kori-kurata tana ihu a tsaye, tana karkarwa

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan watan, dukansu daga nan Legas, kuma dukansu kan tsofaffin a-kori-kura da silonsu, wato gudun inji a tsaye ba a taka totur ba, ya rikice. Mai tambaya kan giyar bas ɗinsa ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni direba ne, ina ɗaukar albasa da tumatir da tattasai daga kasuwar Mile 12 ina kai wa masu saro a Oshodi da Mushin da Obalende. Motar Hilux ce tsohuwar yayi mai kafireta, injin 22R. Ta maigidana ce, amma gyara a wuyana yake. Wata biyu ke nan silonta ya hau, ko ta yi zafi ba ya sauka. A tsaye sai ta yi ta ihu kamar na taka totur, ga jijjiga har madubi na rawa. In na kashe makulli sai ta yi tari biyu ko uku kafin ta mutu. Makanikenmu ya rage silon, sai ta koma mutuwa a gosulo; ranar nan a Ojota sau huɗu tana mutuwa, 'yan danfo suna ta zagina. Dole ya mayar da shi sama. Mun sauya fulogi, mun wanke kafireta sau biyu. Yanzu ya ce in je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, in sayo kafireta tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje. Man da nake yin kwana uku da shi yanzu kwana biyu yake yi, har maigida ya fara yi mini wani irin kallo. Don Allah a ba ni shawara.
*Direba, Mile 12*

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Kuɗin Ladipo ka bar su a aljihu tukuna. Ban ga motarka ba, amma wasiƙarka ta riga ta faɗi rabin ciwon, a daidai wurin da ka ce an rage silo ta mutu, an ƙara ta yi ihu. Injin da yake lafiya ba ya haka. Ana juya masa sukurun silo zai sauko a hankali ya zauna wajen zagaye 700 zuwa 800 a minti ɗaya, ya yi ta lugude kamar mace tana daka. Injin da ba shi da tsaka-tsaki, ko ihu ko mutuwa, mafi yawan lokaci iska ce take shigar masa ta ɓarauniyar hanya.

Ga yadda abin yake. Inji ba mai kaɗai yake sha ba, iska ya fi sha. A ma'aunin nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana son kusan kashi 15 na iska. Aikin kafireta shi ne ta auna wannan haɗi, kuma iskar da ta bi ta bakinta kawai take iya aunawa. In ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙofar da ke maƙogwaronta tana rufewa sai ɗan siririn wuri, fistin kuma yana ci gaba da zuƙa. Don haka duk abin da ke ƙasan wannan ƙofar yana cikin zuƙa mai ƙarfi. Ko tsagar da ba ta kai farce ba, iska za ta kutsa ta nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan iskar ba a ba ta rabonta na mai ba, sai haɗin ya yi tsarara kamar kokon da aka cika wa ruwa. Wata silinda ta kama wuta, wata ta ƙi. Jijjigar da kake ji ke nan. Makanike kuma, don kada ta mutu, sai ya buɗe silo ya rufe kunyar. Ihun ke nan. Tarin da take yi bayan ka kashe makulli, shi ma ɗan wannan gidan ne: ƙofar ba ta rufe ba, inji yana da zafi, sai ya ci gaba da jan mai yana ƙonawa ba tare da wutar fulogi ba. Man da ke ƙarewa kuwa, ka lissafa awa nawa kake yi a tsaye tsakanin Ketu da Ojota da safe, inji yana gudu kai kana zaune. Ka nuna wa maigida wannan shafin.

Sukurun silo dai bai yi laifin komai ba. An bar jaki ana dukan taiki.

To, ina ɓarawon yake? Ka sami safiyar da ba ka da lodi. Kafin ka ta da inji, ka buɗe bonet ka cire murfin iyakilina, wato matatar iska, ka bi ƙananan tiyoyin roba ɗin nan baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Injin 22R mai kafireta yana da su da yawa, musamman wanda ya zo daga Amurka, kamar taliya aka zuba masa. Toyota ta fara wannan injin tun 1981, saboda haka robar da ke jikinsa ta ga shekaru, ga zafin inji, ga zafin Ikko. Kada ka tsaya ga kallo, lanƙwasa kowacce. Tiyon da ya mutu yakan yi kyau a ido, sai an lanƙwasa ya buɗe baki, galibi a daidai bakin da ya shiga ƙarfe. Ka duba kuma inda aka taɓa cire tiyo aka toshe. Mu makanikai muna da hali, sai mu cusa ƙusa ko tsohon noti ko guntun biro mu ce an gama. Akwai wata a-kori-kura ta wani mai kai nama daga mayankar Oko-Oba da ta sha mini kai kusan mako uku. Na sauke kafiretarta har sau biyu, na fara tunanin ko tsufa ne ya kama ni. Ashe wani tsinke ne da aka toshe tiyo da shi a bayan manifol, wato ƙarfen da ke raba iska da mai daga kafireta zuwa silindoji, ya ruɓe ya faɗi. Wani yarona mai siririn hannu ne ya lalubo wurin. Gyaran bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Manyan tiyoyi biyu sun fi kowanne zama abin zargi. Na farko shi ne wanda ya taso daga murfin saman inji, mai ɗan bawul a bakinsa, wanda ke kwashe tururin baƙin mai ya kai manifol. Cire bawul ɗin ka girgiza. In ya yi ƙara kamar caki, da sauransa. In ya yi shiru ko ya manne a buɗe, sauya shi, ba shi da tsada. Na biyu shi ne mai kauri da ya tafi baƙar tukunyar nan ta birki, wadda muke ce wa busta. A cikinta akwai wata fatar roba, in ta yage sai inji ya riƙa shan iska ta nan. Alamarta: birki ya yi tauri, kana takawa kana jin huci a ƙarƙashin sitiyari, kuma sautin inji yana sauyawa duk lokacin da ka taka. Ga gwajin da ba ya cin ko kobo. Kashe inji, taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka ta da mota. In busta lafiya take, fedar za ta ɗan nutse ƙasa da kanta. In ba ta motsa ba, ka samo ɓarawonka, kuma wannan ba zancen silo ba ne kuma, zancen rai ne ga mai saukowa gadar Ojota da buhunan albasa a baya.

Yanzu ta da inji ka bar shi ya yi zafi. Ɗauki filaya ka matse tiyoyin nan ɗaya-ɗaya, ka naɗa tsumma a bakinta kada ta yanke roba. Wanda ka matse ka ji silo ya sauko ya daidaita, ta nan iskar take bi. In ba a dace ba, sami guntun tiyon ruwa mai tsawon hannu, ka sa baki ɗaya a kunne, ɗayan ka yi ta zagayawa da shi gindin kafireta da inda manifol ya haɗu da kan inji. Iskar sata tana da fito, sai ka ji "tsiii" ƙarara. Ka kula da fanka da fanbel, ka cire babbar riga, ka cusa carbi a aljihu.

Hanyar da aka fi sani a gareji ita ce a fesa wani abu a wurin da ake zargi a saurari inji. Ni ruwa nake fesawa da robar da aka huda wa murfi. In ruwan ya toshe tsagar na ɗan lokaci, za ka ji sauti ya sauya. Wasu suna tsiyaya fetur, wai ya fi nunawa. Gaskiya ne ya fi nunawa, har da abin da ba a nema ba. A injin 22R, manifol ɗin iska yana gefe ɗaya, na salansa yana ɗaya gefen, amma wayar fulogi guda mai yoyon wuta ta isa. A gabana wani yaro ya rasa girarsa da gashin goshinsa, Allah ne ya kiyaye motar mutane ba ta ƙone ba. Tun ran nan na hana a garejina.

Wuraren da ruwan ya fi kamawa su ne gaskit ɗin gindin kafireta da na manifol, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don kada iska ta bi. Ka ce an wanke kafireta sau biyu. Tambayata ita ce, da aka mayar, sabon gaskit aka sa ko tsohon aka shafa wa gam? Na san amsar. Akwai kuma sandar da ƙofar totur take juyawa a kanta. Bayan shekara talatin ana takawa, ramin da take ciki yana faɗaɗa. Kama ta da yatsa ka girgiza sama da ƙasa. In tana wasa sosai, iska tana bi ta gefenta. Wannan kaɗai ne a cikin duk abin da na lissafa zai iya kai ka Ladipo, kuma ko shi ɗin, masu injin gyaran ƙarfe suna iya sa mata bushi. In kuwa sayen ya zama dole, ka girgiza sandar waccan tokumbon kafin ka biya. Ita ma ba daga masana'anta ta fito ba, wani ne ya gaji da ita a wata ƙasa.

In duk ka bi wannan ba ka sami iska ba, sai a koma ga abin da ke hana ƙofar rufewa. Wayar totur ta kasance da ɗan sassauci, kada a ɗaure ta tamau. Sifirin da ke dawo da ita yana nan? Tabarmar ƙasa ba ta danne feda ba? Kada ka yi dariya, na gani. Sai cok. Da sanyin safiya cok yana rufe bakin kafireta, yana kuma ɗaga silo da wani ɗan ƙarfe mai matakala. In inji ya yi zafi dole faifan ya miƙe tsaye, matakalar ta saki. Datti da tsatsa suna riƙe ta. Leƙa ka gani da idonka, minti ɗaya ne.

Tunda kana wurin, kafiretar Aisan da ke kan wannan injin tana da ɗan gilashi a gefe. Man ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya haura sama, fulot ɗin, wato abin da ke tsare mai in kafireta ta cika, ya daina tsarewa, mai yana ambaliya. Tana kuma da wani ƙaramin famfo na taimako mai fatar roba, da siririn tiyo a jikinsa. Zare tiyon. In ka ga fetur a ciki, fatar ta yage, inji yana zuƙar ɗanyen mai kai tsaye, kuma wannan sanannen ciwon 22R ne. Waɗanda suka sha gurɓataccen man nan mai sinadarin metanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, wanda ya jawo dogayen layuka a Legas da Abuja, sun san yadda mugun mai yake cin roba.

Fulogin da kuka sauya, ka ciro su ka jera a kan kwali yadda suke a inji. Su ne shaidun da ba sa ƙarya. Fari fat kamar alli, iska ta yi yawa. Baƙi mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In biyu sun yi fari biyu sun yi daidai, gaskit ɗin manifol ne ya buɗe a gefen fararen. Ka tabbata kuma yaran ba su juya wayoyi ba. Tsarin wutar 1-3-4-2 ne. Tayimin, wato lokacin da wuta take isa fulogi, shi ma yana ɗaga silo in an tura shi gaba da yawa, kuma da fitila ake saita shi. Masu cewa kunnensu ya ishe su, ni ma na yi wannan taƙamar ina saurayi.

Sai an gama duk wannan, inji yana da zafi, sannan a taɓa sukurun silo. In har an toshe kafa, silo ya sauko, amma jijjiga tana nan, to a saita bawul, 0.20 na milimita a na shiga, 0.30 a na fita, da zafinsa, sannan a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Wadda ta gaza 'yan uwanta da nisa, bawul ɗinta ya ƙone ko ringi ya gaji. Ina fata ba za mu kai nan ba.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ina da ƙaramin gidan ruwan leda a Idi-Araba, da Tacoma 'yar 1999 mai silinda huɗu da muke rabo da ita. Ita ba ta da kafireta. Silonta yana hawa yana sauka shi kaɗai, kamar wani yana wasa da totur, kuma fitilar gargaɗin inji ta kunnu a dashbod. Mai wayarin ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, a sayo wata. Direbana kuma ya ce tun bara da ta yi zafi aka cire mata wani abu a hanyar ruwan lagireto. Ni ban san kan mota ba, kuɗina kawai nake gani suna tafiya.
*Hajiya, Idi-Araba*

Amsa: Hajiya, ina amsawa, ya kasuwa? Direbanki ya fi mai wayarin kusa da gaskiya. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, ƙwaƙwalwar mota da na ga ta mutu da gaske ba su da yawa, kuma yawancinsu ruwa ne ya shige su ko an juya kan batir. Ita dai ce ba ta da bakin kare kanta, shi ya sa kowa ya rasa ta cewa sai ya ɗora mata.

Hawa da saukar nan ma shaida ce cewa tana aiki. Ta ga ƙafa ba ta kan totur amma inji yana gudu, sai ta yanke mai. Gudu ya faɗi, ta saki mai, ya sake hawa, ta sake yankewa. Abin tambaya shi ne me yake ɗaga shi tun farko.

Abin da aka cire miki sunansa tamostat. Ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har sai zafinsa ya haura digiri 80, sannan ta sake shi ya tafi lagireto. A garejojinmu an ɗauka wai don ƙasashen ƙanƙara aka yi ta, mota na yin zafi sai a cire a jefar. Kuskure ne, na daɗe ina faɗa ana ce mini ɗan boko. In babu ita, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safe da lokacin damina. Ƙwaƙwalwa kuma aikinta ne ta ɗaga silo ta ƙara mai muddin an gaya mata inji da sanyi. Mai gaya matan wata 'yar na'ura ce da ke nutse a ruwan inji. Mai wayarin na ƙwarai zai sa mata mita: da sanyi ta nuna om 2,000 zuwa 3,000, da zafi ta sauko wajen 300. Ya duba soket ɗinta ma, don iskar teku ta Legas tana sa wayoyi su yi kore, kuma soket mai tsatsa yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana hunturu. A mayar da tamostat, a kuma nemo ainihin abin da ya sa ta zafi bara, wataƙila lagireto ne ya toshe da ruwan rijiya.

Bayan wannan, a duba babban tiyon nan mai ƙunzugu-ƙunzugu da ya taso daga iyakilina zuwa maƙogwaron inji. A cikin lanƙwasarsa ta ƙasa yake tsagewa, inda ido ba ya kai. A wanke maƙogwaron da bawul ɗin silo da ke manne a ƙarƙashinsa, don baƙin datti yana riƙe shi a buɗe. Akwai ƙananan tiyoyin ruwa biyu da suke ratsa wurin don ɗumama shi. In an zagaye su, a mayar. Duk abin da na gaya wa direban Mile 12 kan iskar sata ya shafe ki ke ma.

Amma kafin a kwance ko noti ɗaya, ki sa a jona mata kwamfuta. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin nan a ƙarƙashin dashbod. Ki ce a rubuta miki lambar a takarda, kada a goge kawai a ce an gyara. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0505 hanyar silo ce, P0115 na'urar zafin ruwa ce, P0300 kuma inji yana misin, wato silinda tana ƙin kama wuta. Lambar unguwa take nunawa, ba gida ba. Sai an shiga an yi sallama ƙofa-ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba, kuɗin kwamfutar nan bai kai man da motarki take ƙonawa a banza cikin mako guda ba.

Tambaya: Baba, na shiga ruwa da a-kori-kurata ranar da aka yi ruwan saman nan mai yawa, a hanyar Agege. Ba ta mutu ba, amma tun daga nan take karkarwa kamar mai zazzaɓi. Silo bai hau ba.
*Ƙaninka, Agege*

Amsa: Ƙanena, naka da sauƙi in Allah ya so. Tunda silo bai hau ba, kuma daga shiga ruwa abin ya fara, mai yiwuwa ba iska ba ce, wuta ce take ɓacewa. Cire murfin distiributa, za ka ga raɓa a ciki; goge da busasshen tsumma ka shanya a rana. Zare wayoyin fulogi ɗaya-ɗaya ka busar da ramukansu. Da daddare ka ta da inji a wuri mai duhu ka leƙa: in ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin waya, wayar ta gama aiki.

Amma kafin ka ta da ita, ka taɓa iyakilina. In ta jiƙe, kada ka sake ta da motar sai an cire fulogi duka an juya inji ya tofar da abin da ya sha, don ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin yake lanƙwasawa. Ka zaro sandar awon baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, a juye shi yau, a sauya filta, sannan ka turo mini abin da ka gani a jikin fulogin.